Daɓen da Alhaji Sadi Ya Ƙi Fasawa

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Talata Mafara, sunansa Alhaji Sadi. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Yana da kyauta, yana da zumunci. Amma jama'a, mutumin nan akwai taurin kai! In ya ce abu kaza fari ne, ko garin duka zai taru a kansa, fari ne.

Gidan da yake ciki gidan gado ne. Daga bakin get zuwa ƙofar sito akwai wani dogon daɓen kankare, inda mota ke shiga a sauke buhuna. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Mahmud, shi ya sa aka zuba shi shekara talatin da wani abu da suka wuce, lokacin da ya sayi motarsa ta farko.

Ranar da aka zuba daɓen, tsohon ya durƙusa ya danna tafin hannunsa na dama a tsakiya, tun simintin yana ɗanye. Shatin yatsun nan biyar ya zauna raɗau. Bayan rasuwarsa, duk safiya in Alhaji Sadi zai fita sai ya tsaya a wurin, ya kalli hannun, ya yi wa mahaifinsa addu'a.

To, daɓe dai ya tsufa. Ya fara da 'yar tsaga siririya, aka kira magini ya shafe. Da damina ta zagayo tsagar ta dawo, ta zo da 'yan'uwanta. Aka sake shafewa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har daɓen ya koma kamar rigar da ta sha faci.

Duk wanda ya ce masa, "Alhaji, a fasa a sake sabo mana," amsa ɗaya yake samu.

"Wanga simintin zamanin da ne, ba irin na yanzu ba. Hannun babana na bisa, ba mai sa mai guduma ina raye."

Matarsa Taibatu ce ta fara jin tsoro. Ta lura in an yi ruwan sama, ruwa ba ya kwanciya a tsakiyar daɓen kamar da. Sai ya gangara cikin tsagar da ke kusa da hannun, yana wani irin ƙululu, ya ɓace gaba ɗaya.

Wata safiya autarsu Hamdiyya, 'yar shekara shida, ta shigo tana tura baki.

"Inna, daɓen Abba ya cinye mani duwatsun carafkena."

Taibatu ta bi ta suka je. Yarinyar ta ɗauki tsakuwa ta saka a tsagar, ta kara kunne tana dariya, don ita a wurinta wasa ne. Shiru. Shiru. Sai can, daga nesa ƙwarai, aka ji ƙwal.

Wallahi Taibatu ba ta bari ta sake jefa wata ba. Ta fizgi hannun 'yarta suka koma ciki.

Da Alhaji ya dawo ta gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke dai Taibatu akwai tsoro. Ramin gara ne. Gobe in kira yara su shahe."

"Alhaji, don girman Allah ka bari in aika garin Bakura. Yayana ya ce wanda ya zuba daɓenga yana nan da rai, Malam Ɗayyabu. Shi zo shi duba kawai. Dubawa ba hwasawa ba ce."

Ta yi ta roƙo kwana uku, har ya gaji ya ce to, a kira shi, ko ya samu ya huta da mita.

Malam Ɗayyabu ya iso da hantsi a bayan ɗan kabu-kabu. Tsoho ne siriri, gemunsa fari fat, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda siminti. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, an kwana lahiya, ya iyali, ya damina, ya mutanen Bakura. Aka yi wa marigayi addu'a.

Da aka zo kan aiki, tsohon bai taɓa cokalin gini ba. Cewa ya yi a ba shi taɓarya da bokitin ruwa uku.

Ya fara daga bakin get. Ya buga taɓarya, ƙam. Ya yi taki biyu ya sake bugawa, ƙam. Haka ya yi ta tafiya a hankali, kansa a karkace yana saurare. Da ya kusa hannun marigayi ya buga, sai aka ji dum, irin amon ganga.

Ya tsaya cak. Ya sake bugawa, dum. Sai ya ja da baya da sanɗa.

Ya tsiyaya bokiti na farko a tsagar, ruwa ya wuce. Na biyu ya wuce. Na uku ma ya wuce, ko ɗigo bai dawo ba. Taibatu na leƙe daga ƙofar cikin gida, tana kallon komai.

Tsohon ya koma kan tabarma ya zauna.

"Alhaji, zan gaya maka abin da ban taɓa gaya ma kowa ba. Ka san akwai rijiya a nan wurin?"

"Na sani, Baba. Ina yaro anka cike ta. Babana da bakinshi ya ce da duwatsu anka cike ta."

"Haka ya ce a yi. Ba haka munka yi ba."

Tsohon ya share zufa da hannun riga. Ya ce yadda ake kashe rijiya, a zuba duwatsu da jar ƙasa kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddanne, sannan a bar ta damina guda ta zauna kafin a ɗora mata kankare. Amma a lokacin marigayi ya yi tafiya ɗauko mota, ya bar musu kwana biyar kacal.

"Ni ne babban magini, ina jin ƙuruciya, ba ni son a ce na kasa. Akwai injin casar shinkahwa a bayanku. Munka kwaso ɓuntu da kara da shara munka antaya, munka yayyahwa ƙasa a bisa, ranar da ya dawo munka zuba kankare. Ɓuntu ruɓewa yake yi, Alhaji. Shekara talatin yana ruɓewa yana sauka, ruwa na binshi. Daɓenga ba bisa ƙasa yake ba yanzu. Bisa iska yake."

"To mi kaka so a yi?"

"A hwasa shi duka, a cike rijiyar yadda ya kamata. Tsagar da ke bisa ƙasa mai ƙarhi ita aka yi ma faci. Wadda ƙarƙashinta ya tahi, faci ruhe ido ne kawai."

Ai kuwa Alhaji Sadi ya miƙe tsaye, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wato ka cuci babana yana raye, yanzu ka dawo ka goge hannunshi yana kabari? Aiki kaka nema, Baba, na gane ka. Daɓen da ya ɗauki mota shekara talatin, yau ne zai kasa? Tashi ka tahi, don darajar hurhurarka na ƙyale ka."

Malam Ɗayyabu bai yi musu ba. Ya roƙi Taibatu guntun gawayi, ya zagaye wurin da layi, da'ira babba, hannun marigayi a tsakiyarta.

"Zagin na karɓa, na cancanta. Abu biyu nika roƙo. Kada mota mai kaya ta taka cikin layinga. Kuma kada ɗiyarka ta sake wasa a nan."

Tun ƙurar babur ɗin da ya ɗauke shi ba ta kwanta ba, Alhaji ya sa aka wanke gawayin. Washegari aka zo da buhun siminti aka shafe tsagar, aka goge, wuri ya yi sumul. Har kira ya yi, "Taibatu, zo ki ga rijiyar taki!"

Ita dai ba ta yi dariya ba. Daga ranar ta daina bi ta tsakiya, sai ta raɓa jikin katanga. Ta hana Hamdiyya zuwa wurin, har da dukan da ba ta saba yi mata ba. Duk lokacin da ta ji ƙarar mota a bakin get, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta dafe ƙirji tana salati har a gama sauke kaya. Abinci ma ya daina shiga mata. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Aka shiga ƙarshen damina, sabon gero ya fara fitowa. Sai aka yi kwana uku ana sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu gari ya ɗan washe, kuma ta dace da ranar kasuwar Maradun. Alhaji ya tafi tun da safe, ya sayi gero ya cika motar ɗaukar kaya ƙirar kanta har sama, aka ɗaure da igiya.

Bayan la'asar suka iso, shi da direbansa Yakubu. 'Yan dako na jira a ƙofar gida. Ta gabas kuma hadari ya sake haɗowa, baƙi ƙirin.

Wa za su gani a gindin bishiyar dogon yaron da ke kallon gidan? Malam Ɗayyabu. Ashe tun safe yake zaune a wurin. Ruwan nan na kwana uku ya hana shi sukuni a Bakura, ya kasa zama, ya hau babur ya taho ba wanda ya kira shi.

Ya taso da sauri ya tsaya a tsakiyar get, ya buɗe hannuwa.

"Alhaji, don Allah, don Annabi! A sauke nan waje, yara su shiga da su a ka."

"Ba ka ga hadari ba? Gerona ya jiƙe a titi saboda mahwalkinka?"

"Gara ya jiƙe, Alhaji."

'Yan dako suka fara ƙus-ƙus, wani ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta ƙarasa Alhaji Sadi. A ce a gaban yaransa wani tsoho zai hana shi shiga gidan ubansa? Ya sa mutum biyu suka janye tsohon gefe.

"Yakubu, shiga da ita!"

Mota ta fara ja da baya a hankali, tana nishi da nauyi.

A cikin gida, Taibatu na tsakiyar salla. Hamdiyya ta ji muryar babanta. Ta san duk ranar kasuwar Maradun da ƙullin ƙuli-ƙuli yake dawo mata. Ta manta da gargaɗi, ta manta da duka, ta fito da gudu ta tsakiyar daɓen.

"Oyoyo Abba! Oyoyo!"

Daidai lokacin tayar baya ta hau inda layin gawayin yake a da.

Ƙarar ba ta yi yawa ba, ƙas kawai aka ji, sai rugugi. Daɓen ya ɓurma. Gindin motar ya nutse ya maƙale a gefen rami, buhuna suka karkace. Ƙura ta tashi.

Da ƙurar ta lafa, babu Hamdiyya. Takalminta ɗaya ne kawai a bakin ramin.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ihun da Taibatu ta yi, har masu shago a bakin titi sai da suka ji. Alhaji Sadi ya zabura zai afka wurin, sai ya ji an damƙe masa riga ta baya da ƙarfin da bai yi zato ba.

"Kada ka taka nan!" in ji Malam Ɗayyabu. "In ka taka, sauran zai ruhta a kanta. Kowa shi tsaya inda yake!"

Mutumin da aka janye gefe ɗazu, yanzu shi kowa ke kallon bakinsa. Ya ce Yakubu ya kashe mota, ya fito ta ɗaya ƙofar a hankali. Ya sa aka tokare tayoyin gaba da duwatsu. Ya nuna da yatsa inda tsohon bakin rijiyar yake, inda ke da ginin dutse a ƙasa, da inda ba a isa a taka ba. Aka kawo katakai da tsani aka gitta.

Ya kwanta rub da ciki a kan katako ya leƙa. Kowa ya yi tsit.

Daga can ƙasa wata 'yar murya ta taso. "Abba... ƙahwata..."

Alhaji Sadi ya zube a gwiwoyinsa. Tana da rai! Amma gindin mota na rataye a kanta, da buhunan gero masu nauyi, igiya ɗaya ce ta riƙe su.

Aka fara sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya, ta gefen da ke da ƙarfi. Duk buhun da aka ɗaga sai motar ta yi ƙara, ƙasa ta zubo cikin ramin shaaa, yarinyar ta ƙwalla kuka. Taibatu na durƙushe jikin katanga, ta cusa mayafi a baki. Iska ta taso. Aka ji ɗigon farko a kan kwano.

"Ba mu da lokaci," in ji tsohon. "In ruwanga ya sauko, bangon rijiyar zai zube. Wani shi shiga yanzu."

"Ni zan shiga," in ji Alhaji Sadi. Ya tuɓe babbar riga ya yar.

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum shida suka riƙe. Tsohon ya ba shi guntun rodi, ya karɓi zane a hannun Taibatu ya rataya masa a wuya.

"Bi ta bangon gabas. Akwai matakan da masu haƙa sunka sassaƙa, laluba da yatsan ƙahwa. In ka isa kada ka tsaya da ƙarhi, abin da ke ƙasa ruɓaɓɓe ne."

Ya fara sauka. Duhu, wari, da sanyi mai shiga ƙashi. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya ga cikin mota baƙi a saman kansa, bai sake ɗagawa ba. Daga baya ya ce tunda aka haife shi bai taɓa sanin tsoro ba sai ranar, har haƙoransa haɗuwa suke yi.

Wajen gaba uku ya sauka kafin ƙafarsa ta taɓa wani abu mai laushi. Ya nutse har gwiwa cikin baƙin ɓuntu. Ya kunna fitilar waya.

Ga Hamdiyya kwance a gefe, fuska duk laka, idanu a buɗe. Laushin ɓuntun ne ya tare ta. Amma wani ɓallin kankare ya danne mata ƙafar hagu.

"Ga ni, ɗiyata. Ga Abba."

Ya cusa rodi ƙarƙashin ɓallin, ya haska don ya ga inda zai kama. Sai ya ga yatsu biyar.

Hannun mahaifinsa ne. Guntun da ya rantse ba mai sa masa guduma, shi ne kwance a kan ƙafar 'yarsa.

Ya yi bismillah ya danna rodin da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ɓallin ya ɗaga, ya kife, ya nutse cikin ɓuntu. Yarinyar ta yi ƙara ɗaya ta sume. Ya ɗora ta a baya, ya goya ta da zanen uwarta, ya ja igiya.

Suna cikin jan su ruwa ya ɓarke. Laka na zubo masa a ka, matakan sun yi santsi, sau biyu ƙafarsa na zamewa. Hannun da ya fara kama wuyan rigarsa a bakin rami, hannun nan ne mai kanta na Malam Ɗayyabu.

Ba su kai ƙofar cikin gida ba suka ji rugugi a bayansu. Gefen da ya rage ya rufta, gindin motar ya ƙara nutsewa, sauran buhunan suka bi ramin.

Hamdiyya ta yi makonni a asibiti. Ƙashin ya karye wuri biyu. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Ranar da aka sallame su, Alhaji Sadi bai zauna ba sai Bakura. Ya tarar da Malam Ɗayyabu a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa yana hawaye.

"Tashi, Alhaji," in ji tsohon. "Ni na haƙa mata ramin da gaggawata. Kai ka ruhe shi da faci. Mu duka mu nemi gahwarar Allah."

Alhaji da hannunsa ya ɗauki guduma ya fara fasa abin da ya rage na daɓen. Aka kwashe ɓuntun kaf. Aka yi ta zuba duwatsu da jar ƙasa, ana jiƙawa ana daddannewa, tsohon na zaune a kujera yana duba kowane kwando. Aka bar wurin damina guda cur, ana sauke hatsi a waje ana shiga da shi a ka. Alhajin da ba ya iya jiran minti goma, ya jira shekara ba ƙorafi.

Ranar da aka zuba sabon kankare, Yakubu ya ce, "Alhaji, ba ka sa naka hannun?"

Ya girgiza kai. "A bar shi haka. Addu'a ta ishe ni tuna babana."

Yanzu daɓen lafiya lau yake, ko'ina ka buga ƙam za ka ji. Kuma har yau, duk ranar kasuwar Maradun, Hamdiyya na fitowa tarar babanta tana kiran oyoyo. Sai dai ba ta iya gudu. Tana takawa da ɗaya, tana jan ɗaya, kuma a kan sabon simintin ana jin jan takalmin sarai.

Alhaji Sadi ba ya iya tsayawa ya saurari wannan ƙarar. Tun mota ba ta gama tsayawa ba yake dirowa, ya ruga ya ɗauke ta.

Rannan ta shafa fuskarsa ta ce, "Abba, mi ya sa kullum in ka ɗauke ni kake kuka?"

Ya miƙa mata ƙullin ƙuli-ƙulinta. Ya ƙara rungume ta, ya shige da ita cikin gida.

Darasi: Ba kowace tsaga ake yi wa faci ba. In abu ya lalace daga ƙarƙashi, shafe samansa ɓoye haɗari ne kawai, ko gini ne, ko lafiyar jiki, ko zaman gida. In wanda ya san aikin ya ce a fasa a sake, a saurare shi ko da maganar ta yi ɗaci, ko da shi ma mai laifi ne, tun kafin wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauki nauyin taurin kanmu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai taka irin wannan daɓen kullum bai sani ba.